Ƙofa Biyu a Gaban Ɓera

Katin Farfesa ya ƙi buɗe ƙofar ɗakin bincike, kamar jiya. Sai da mai gadi ya zo ya sa nasa, yana cewa, "Ranka ya daɗe, na'urar ce ta tsufa."

Ya shiga yana gunaguni. Shekara talatin ke nan yana kan aiki ɗaya: a saka ɓera a akwati mai ƙofa biyu, ɗaya da ɗigon ruwan sukari a bayanta, ɗaya ba komai. A dasa masa siraran wayoyi a sashen gaba na ƙwaƙwalwa, inda ake yanke shawara, a ga abin da ke faruwa can kafin ya zaɓa. Lafiyayyen ɓera daƙiƙa biyu ta ishe shi.

Ɓera mai lamba tara ne ya hana shi sukuni. Cuta ta ci masa wannan sashen, maganin da suke gwadawa kuma ko gezau. Sai ɓeran ya tsaya tsakanin ƙofofin, gashin bakinsa na rawa, layukan da ke kan allon kwamfuta suna tashi suna faɗuwa, sun ƙi haɗuwa wuri guda. Idan maganin ya gaza a kan ɓera, masu jiran sa a asibiti sai haƙuri.

Ga kuma raini. Ɗalibai biyu suka gaishe shi har ƙasa, suka wuce shi da takardunsu, suka miƙa wa mataimakiyarsa ta sa hannu. Ya ƙudura zai tsawata musu. Ko kuma ya ƙyale su. Zai dai duba.

Mataimakiyar ta matso da littafinta da agogon auna lokaci. Idanunta sun faɗa kamar ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

"Farfesa, da wane keji za mu fara yau? Na dama ko na hagu?"

Ƙas, ta danna agogon. Ya so ya ce mata ai ba a saki ɓeran ba tukuna, amma tambayar ta riƙe shi.

Ɓerayen kejin dama su ne waɗanda aka ba magani. Ya kamata a fara da su. Amma na hagu sun fi yunwa. Amma na dama... Ya ɗaga yatsa, ya sauke. Fanka na juyawa a sama, gumi na bin wuyan farar rigarsa. Duk hujjojin suna nan a kansa, ba wadda ta fi wata nauyi.

"Wannan," ya ce a ƙarshe.

Ƙas. Ta rubuta wani abu, ta juya tana goge ido. Wai warin maganin wanke keji ne. Aka kira ta waya, ta fita ta bar littafin a kan tebur.

Ya ɗauka don ya kama kuskurenta. Lambobi a jere, kwana bayan kwana: minti uku, minti biyar, takwas, yau sha ɗaya. Ya tsuke fuska. Ko mai lamba tara bai taɓa wuce minti ɗaya ba. Wane ɓera ne wannan aka ɓoye masa?

Ya kai ido saman shafin. A gurbin lambar ɓera, da rubutun hannun da shi da kansa ya koya mata tun tana 'yar shekara biyar, an rubuta: Baba.