Kafin Ƙanƙara Ta Narke

Direban da ke kawo allurar rigakafi ya dire akwatin sanyi a kan teburin ɗakin jarirai, amma yau bai juya ba. Nas ɗin da ke karɓar allurar ta lura da sabuwar hularsa, ta yi kamar ba ta gani ba. Kullum da ya buɗe baki sai ta ce, "Malam, ƙanƙara na narkewa," shi ke nan ya ja ƙafa ya fita.

"An canja mini hanya," ya ce a hankali. "Daga gobe wani ne zai riƙa kawo muku. Ina son turo magabatana gidanku, in kin amince."

Hannunta ya tsaya cak a kan murfin. Sai ta buɗe akwatin. Ta shiga ciro 'yan kwalaben tana duba kowace, tana jerawa a firji, na tarin fuka gefe guda, na shan inna gefe guda. Shi kuwa yana tsaye yana murza makullin mota, har jikinsa ya yi sanyi.

"To, Allah ya huci zuciyarki," ya ce, ya sunkuya zai ɗauki akwatinsa.

Ta rufe firjin, ta duba ma'aunin sanyi, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Haba Malam! Lafiyar 'ya'yan mutane ce a hannuna, so kake in tsaya amsa maka magani ya lalace?" Ta jawo kujerar da ba ta taɓa ba shi ba. "Yanzu babu abin da ke narkewa. Zauna, ka faɗa mini ranar da za su zo."