Igiyar Ƙararrawa

Ranar da dattijon cocinmu ya yanke igiyar ƙararrawa, har tafi muka yi masa.

Laifin sabuwar faston ne. A ƙauyenmu na Panjab, in ƙararrawa ta yi bugun mutuwa, mata kan gasa gurasa su kai gidan makoki, don ba a hura wuta a can. Da yaƙi ya ɓarke, sai faston ta shiga buga wa kowa, har sojojin tsallaken kogi da yaranmu suka kashe. Mata suka riƙa tsayuwa da gurasa a hannu, ba gidan kaiwa.

"'Yata, alkama ta yi tsada," in ji dattijon, wanda ɗansa ne kaɗai ɗan cocinmu da ke bakin daga.

"Baba, a kogi ɗaya aka yi muku baftisma da iyayensu."

"To, su buga tasu mana!"

Ya yanke igiyar, muka samu sauƙi. Mutuwa ta daina damun kunnenmu.

Wata Lahadi da hantsi, muna tsaka da waƙa, sai bugun mutuwa ya taso daga cocin tsallake, ya ratso ruwa a hankali.

Dattijon ya murmusa. "Yaranmu sun yi aiki."

"Ba haka suke buga wa nasu ba, Baba," in ji faston. "Irin bugunmu ne. Namu suke buga wa."

Mata suka fice ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce musu komai. Kafin azahar sun cika ƙofar gidan dattijon da gurasa mai zafi. Motar sojan da ta kawo labarin mutuwar ɗansa, sai da ta jira suka ba ta hanya.