Ruwan Buta a Gindin Sojan Siminti

Baba ba ya son mutum-mutumi. In mun taso daga kasuwar Garwa za mu gida Pumpumre, da mun iso wajen sojan simintin nan da ke tsaye a shataletale, sai ya ƙara sauri, ya ce gunki ne.

Amma wata la'asar, ina 'yar ƙarama, sai ya tsaya. A shekarar ne ƙaninsa, Baffa Sale, da ke aikin soja can kudu, ya ɓace. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya zo ya yi mana bayani. Mutane ma tsoron shigowa gaisuwa suke yi.

"Uwata, tsaya nan ki duba min hanya," in ji shi. "In kin hango ɗan unguwarmu, ki yi tari."

Na san abin da yake gudu. In aka gan shi, gobe a masallaci za a ce ya durƙusa wa gunki.

Ya tsuguna da butarsa, ya yayyafa ruwa a gindin sojan, yadda ake yi wa sabon kabari. Har yau ina jin ƙamshin ruwan nan a kan siminti mai zafi.

Sai ga maƙwabcinmu, Alhaji Buba, a kan keke. Na yi tari, na sake yi. Baba ya ji ni sarai, amma bai tashi ba, bai gama addu'arsa ba. Alhaji ya rage gudu, ya dube shi, ya wuce ba ko sallama.

Ga ni yau da 'ya'yana, ban sani ba har yanzu, ko rufa wa Baba asiri ya yi, ko shi ma gudunmu yake yi.