Layin Alli a Bango

Barakatu ta sake tarar da mijinta, Sabitu tela, zaune ya ƙura wa bango ido. Layi ɗaya ne tak a kwance, wanda ya ja da allin ɗinki ranar da suka dawo daga asibiti. Ga yadin bikin jam'iyya jibge, ko almakashi bai sa masa ba.

"Maigida, wai zanen mene ne wannan? Ai ko yaro ya fi ka."

"Rayuwa ce," in ji shi. "Nan aka fara, nan aka tsaya."

Su biyun likita ya duba, amma da Faransanci ya yi bayani, ita kuwa ba ta ji. Tun ranar Sabitu ke ramewa. Duk Zongo kuma an san shi ke yanka likkafani, ba ya yankawa sai ya ja tsawon mamaci da alli. Ashe nasa ya auna, yake ɓoye mata!

Yana fita sallar La'asar ta ɗauko jallabiyarsa tana kuka, ta gwada. Layin ko kusa bai kai tsawon Sabitu ba.

"Alhamdulillahi!"

Sai jirin nan da ya saba ɗibarta ya taso. Ta miƙe a tabarma, jikin bango. Kanta ya zo daidai farkon layin, diddigenta daidai ƙarshensa.

Sabitu ya yi sallama, ya tsaya cak.

"Barakatu," in ji shi, "don Allah tashi daga nan."