Rasit ɗin Sari

Kwana tara da dawowar Auta aka turo takardar haraji ta ƙarƙashin ƙofa. Shi ya tsince ta, domin tun da ya sauka ya kasa zama wuri ɗaya: daga zaure zuwa bakin titi, daga bakin titi zuwa zaure.

A tsaye ya karanta. Kasuwar intanet ɗin da Baba ke sayar da kaya a cikinta ta miƙa wa hukuma lissafin cinikinsa na shekara shida. An yanka masa haraji a kan cinikin gaba ɗaya, ga tara a kai. In wata guda ya cika bai biya ba, sai kotu, kuma ban da gidan nan babu abin da ke ɗauke da sunan Baba.

Baba ya karɓa, ya nesanta ta da idonsa, ya linke. "Ƙanshin arziki suka jiyo, Auta. Rabu da su."

Shagon nan na Baba a intanet shi ya riƙe Auta a ƙasar waje. In aiki ya tsinke, ko takardun zama suka ƙare, ko mai gidan haya ya tsaya masa a ƙofa, sai ya buga waya gida. Baba bai taɓa cewa babu ba. "Kasuwa na garawa," zai ce, bayan kwana biyu saƙon kuɗi ya shigo. Ko da Inna ta rasu, Baba ne ya ce masa ya zauna, kada ya ɓata takardunsa. Ƙarshenta dai da jaka ɗaya ya dawo, da waya mai tsagaggen gilashi.

Yau ga abin da Auta zai iya. A can ya yi naɗin kaya a wurin masu irin wannan sana'a, ya san cikinta. Kasuwar ta yanki kasonta, ta yanki kuɗin talla, mai kai kaya ya karɓi nasa, wani ya maido da abin da ya saya bayan ya lalata shi. Abin da ke saura a hannun ƙaramin mai shago da ƙyar yake kai cefane. Kuma a kan riba ake biyan haraji. Rasit ɗin sari kawai za a nuna, a cire uwar kuɗi, takardar nan ta zama ba komai ba.

Wannan kuwa ai da sauƙi. Baba shekara talatin ya yi yana tsaron sito a kamfani. Rasit ɗin kuɗin wuta na tun kafin a haifi Auta yana nan a jere cikin gwangwani.

"Ina na sarin, Baba?"

"Masu ba ni kaya ba su san takarda ba."

"To mu je su rubuta mana."

"Sun tashi."

"Dukansu?"

"Kai da ka shekara bakwai ba ka tambayi lafiyar ƙofar gidan nan ba, yau ka zama ɗan sanda?"

Auta ya buɗe shafin shagon a waya, ya tarar an kulle sai an daidaita da hukuma. Hajar shagon kuma, in ji Baba, tana ɗakin Inna tare da tarkacen falo, ana jiran mai fenti, makullin yana aljihun Baba. Ya zauna a tabarma yana jin muryar tsohon tana amsa kuwwa a tsakar gida, yana cewa a ransa: tsufa ne. Wasu 'yan sari ne suka cuce shi, kunya ta hana shi faɗa.

Ranar Litinin ya ja Baba ofishin haraji. Suka yi awa uku a benci tsakanin wata mai sayar da man shafawa da ke share hawaye da gefen mayafi da wani mai takalma da ke rantsuwa ribarsa ba ta kai rabin abin da aka rubuta masa ba.

Jami'ar da suka samu ba ta da zafi. Ta jero musu ƙa'ida kamar karatun hadda: kyauta, gado, kayan amfanin kai, duk babu haraji, faɗa kawai za a yi a cike takarda, haja kuwa sai da rasit.

Baba ya dubi Auta, ya gyara zaman hularsa. "Ni ɗan kasuwa ne, 'yata. Rubuta duka riba ce. Zan biya."

"Da me, Baba?" Muryar Auta ta tashi har mai takalma ya waiwayo. "Gidan za su ɗauke!"

"Miƙo biron."

Jami'ar ta zaro jerin cinikin daga na'ura, shafi huɗu. Doka ce sai an karanta kafin a sa hannu. Ta ga tsohon ba tabarau, ta miƙa wa ɗan.

Baba ya kai hannu, bai cim ma ba. "Jimillar kawai za ka karanta, Auta," ya ce a hankali. "Don Allah."

Ranakun cinikin ne Auta ya fara ganewa. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, kowace washegarin wayar da ya buga ce. Sannan idonsa ya koma ɗaya gefen. Firiji. Kujeru shida. Agogon sallamar aiki. Keken ɗinki. 'Yan kunne na zinariya, guda biyu. Gadon ƙarfe na mace, an yi amfani da shi.

Shekara shida Baba bai sari ko allura ba. Gidansu yake sayarwa, ɗaki bayan ɗaki.