Kayan Jirgin Jariri

Sau biyu Malam Nasidi ya taɓa shiga jirgin sama, kuma a Talata Mafara ta wancan zamani sau biyu ya ishi mutum ya zama malamin jirgi. Magatakarda ne a kamfanin da ke ginin dam ɗin Bakolori. Mutum ne mai tausayi ƙwarai, sai dai Allah ya yi shi ba ya tambaya sau biyu.

Da likitan kamfani ya duba idon wani jariri ɗan wata huɗu, ya ce sai an yi masa aiki a Ikko cikin makon, in ba haka ba idon ya tafi, Nasidi aka ɗora wa rakiya. Uban yaron, Gidaɗo, Bafulatani ne daga Janbako mai gadin ƙofar kamfani. Nasidi ya same shi a gindin bishiyar ofis, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare don kanta.

"Ina uwar yaron?" in ji Nasidi.

Gidaɗo ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da sanda, bai ce uffan ba. Nan take zuciyar Nasidi ta karye. Ya ɗauka ta rasu, ya yi wa baiwar Allah addu'a a ransa, ya ƙudurta ba zai sake fama wa mutumin nan ciwonsa ba.

Da la'asar ya zauna ya rubuta abin da jariri ke bukata a sama. Bulumboti biyu, madarar gwangwani, fulas na ruwan zafi, tsummoki goma sha biyu, hular sanyi, auduga ta toshe kunne. Har gidan wani injiniya Bature ya je, matarsa ta ƙara masa da 'yar robar tsotso. Ya saye komai da kansa, ya shirya a jaka, ya bi takardar da alƙalami har sau uku.

Washegari Gidaɗo ya kawo mata biyu bakin mota, shi ya koma gadi. Ɗaya tsohuwarsa ce, Inna Hindu, goye da yaron tana ta yi masa kirarin ango. Ɗayar kuwa wata ce da tsohuwar ke kira Taibatu, ɗauke da ƙullin kaya. Ta shiga ta lulluɓe, ta juya fuska wajen taga. Yaro ya yi atishawa, ko waiwaye ba ta yi ba. Tun daga nan Nasidi ya ji ba ta kwanta masa ba.

Ba su wuce mararrabar Bakura ba yaro ya soma kuka. Nasidi ya dama madara yadda matar Bature ta nuna masa, ya miƙa. Yaro ya tofar, ya ƙara murya. A Tureta suka tsaya, Nasidi da direba suka shiga masallaci. Da suka fito sai ga yaro yana barci, bulumboti babu ko ɗigo, Inna Hindu tana goge baki da gefen zane. Taibatu tana can bayan mota tana gyara mayafi.

"Kin gani ko, Inna? Sabo ne kawai."

"Awo, Malam. Madararka akwai daɗi."

A filin jirgin Sakkwato aka sami matsala. Mai duba tikiti ya ce jirgi ya cika, kujera biyu suka rage, wani jirgin kuma sai jibi. Idon yaro ba zai jira jibi ba. Nasidi bai ɓata lokaci ba. Shi ne mai Turanci, shi ya san hanyar asibiti, tsohuwa kuma ita ta san riƙon yaro. Ya ce Taibatu ta bi direba ta koma gida.

"Malam, ni a bar ni, ita ta tahi," in ji Inna Hindu.

"Haba Inna, wannan ba wurin kara ba ne. Yadda na faɗa haka za a yi."

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi mai tikiti da hularsa ta aiki. Taibatu ta miƙa ƙullin kaya ba tare da ta ɗaga ido ba. Suna cikin hawa matakalar jirgi Nasidi ya hango ta riƙe da wayar shinge da hannu biyu. Ya ce a ransa, ashe jirgin take son shiga.

Jirgi na ɗagawa yaro ya tsandara ihu. Nasidi ya buɗe jaka da natsuwar wanda ya shirya. Ya sa auduga, ya sa hula, ya cire hula. Ya ba da robar tsotso, aka tofo ta kan rigarsa. Ya dama madara mai ɗumi, ya dama mai sanyi. Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta jijjiga shi ta gaji. Bayan awa guda muryar yaro ta dushe, bakinsa ya bushe, sai juya kai yake yana laluben ƙirjin kakarsa. Tsoro ya kama Nasidi sosai.

"Inna, yaya kika yi ya sha a Tureta?"

"Ni nas sha ta, Malam, don kada ranka shi ɓaci. Angona bai taɓa sa komi a baki ba in ba nonon uwa tai ba."

"Allah sarki. Allah ya jiƙanta."

Tsohuwa ta juyo gaba ɗaya ta dube shi.

"Amin, in lokacinta ya yi. Ɗan farinta na, Malam, shi as sa ba ta kallo nai gaban mutane. Mu mun zaci dokar jirgi ta hana a shiga da mai shayarwa, da kac ce Taibatu ta koma gida."