Ƙodar Auta

Auta ta riga ta naɗe hannun rigarta, nas ta ɗaure mata dantse tana laluben jijiya, sai ga Umma ta banko ƙofar ɗakin gwaji ko sallama babu.

"Idan allurar nan ta shiga jikinki," in ji Umma, "ban yafe miki ba."

Nas ta kwance ɗaurin a hankali. Auta ba yarinya ba ce, ta gama karatu har ta kama aiki, amma wannan kalma ba a tsallake ta.

A hawa na sama Abba yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum. Ƙodojinsa duka biyun sun ajiye aiki, wankin ƙodar ma ya daina riƙe shi. Likita ya ce sai dashe, kuma da sauri, kuma an fi samun dacewa a jinin mutum. Babban yaya yana da ciwon suga. Mai bi masa an gwada, bai dace ba. Saura Auta.

Tun kafin ta yi wayo Abba ɗan kwana-kwana ne. Idan ya taso daga aiki, a famfon tsakar gida yake tsayawa ya wanke hayaƙin jikinsa kafin ya ɗauki kowa. Ba ya kwanciya sai ya shinshina tukunyar gas ya zare duk wata waya daga bango, har Umma na tsokanarsa wai ko shayi ya gani yana tururi sai ya nemi bokiti. Da waɗannan yatsun nasa da wuta ta tauye ya koyi yi wa Auta kitso, karkatacce, amma ba ta yarda kowa ya tsefe. Mutum ne da ba a san fushinsa ba. Sau ɗaya ya taɓa ɗaga hannu, ranar da yayanta ya yi mata tsokanar da ake yi wa kowane auta, wai a bola aka tsinto ta.

Auta ta haura sama ta durƙusa a gefen gadon Abba. Ta ce ƙoda biyu gare ta, ɗaya ta ishe ta. Ta ce shi da ya shiga wuta saboda waɗanda bai ma san sunansu ba, ya bari a yi masa ko sau ɗaya.

Abba ya janye robar numfashi daga hancinsa.

"Aikina in fito da mutum cikakke, ba in ɓantare shi ba. Ke kam, ko ɗigon jininki kar a ɗiba."

Abokan aikinsa suka cika barandar asibitin, wasu da kakinsu. Tsofaffin duk hawan jini ya hana su. Cikin samarin aka samu wanda ake sa rai da shi, amma likita ya ce gwaje-gwajensa za su ɗauki lokaci, lokacin kuwa shi ne babu.

Auta ta daina cin abinci. Ta bi ƙannen Abba ɗaya bayan ɗaya su sa baki, kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri. Ta tare likita a bakin motarsa. A ƙarshe ta zube a gaban Umma a tsakiyar baranda, mutane na wucewa, ta riƙe ƙafafunta tana cewa, "Mijinki ne fa, Umma. Me na yi muku da ba kwa son ƙodata?"

Umma ta juya fuska ga bango, kafaɗunta na rawa.

Da hantsi Abba ya cika, hannunsa cikin na Auta.

Daga ranar Auta ba ta ƙara haɗa ido da Umma ba. A zaman makoki tana can ƙuryar falo, idanunta sun bushe, in an yi mata gaisuwa sai dai ta gyaɗa kai. Motar kwana-kwana tana ajiye a ƙofar gida, masu kaki na shigowa suna fita, kowa da abin da zai tuna.

Sai Baba Direba ya shigo yana dogara sanda. Shi ya ja motar da Abba ya fara aiki a cikinta, yanzu ido ya yi rauni, ba ya rarrabe na zaune. Ya ce shi abu ɗaya ne ba zai manta ba. Wani gidan bene ne ya kama, wuta ta cinye matakala, mai gidan da matarsa duk ba su fita ba. Shugaba ya ba da umarni kowa ya ja baya, rufi zai rufto. Marigayi ya ce shi fa ya ji kuka. Aka rirriƙe shi, ya fizge, ya hau tsani ya faɗa ta taga. Suna ta salati sun fid da rai, sai ga shi ya fito, safar hannunsa ta narke a fatarsa, da jaririya a cikin rigarsa ko ƙwarzane babu. Aka yi cigiyar dangi har aka gaji, ba wanda ya zo.

Babban yaya ya tashi ya fita. Auta ta san labaran Abba kaf, amma wannan ba ta taɓa jin sa ba.

"Baba," ta ce da dusasshiyar murya, "ina yarinyar take yanzu?"

Tsohon ya daburce, ya juya wajen da muryar ta fito, bakinsa a buɗe.

Umma ce ta amsa, hawaye na sauka har haɓarta.

"Ga ta nan tana tambaya."